Bakaniken da Bai Taɓa Kuskuren Fistan Ba

An yi wani mutum a cikin birnin nan na Zazzau, bakaniken babur. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya rasu, kuma ya bar 'ya'ya.

Shagonsa yana wajen Ƙofar Gayan. Shekara arba'in yana sauke inji yana mayarwa. Ya iya aiki, wannan ba wanda ya yi musu. Babur zai shigo lungu, kafin mai shi ya sauka, bakaniken ya riga ya faɗa masa ciwonsa daga jin ƙara. Yana salla, yana azumi, ba ya sace kayan mutane. Cutarsa ɗaya ce. Bai yarda Allah ya halicci wanda zai iya kamarsa ba.

Wanda bai san inji ba, ya saurara. Fistan shi ne ke hawa da sauka a cikin inji. A samansa akwai bawul, suna buɗewa suna rufewa, kamshaf ne ke tura su. Wani fistan kansa a shafe yake, wani yana da tozo. Wani kamshaf kaɗan yake turawa, wani yana tura bawul ƙasa sosai. Kowanne da abokin tafiyarsa. In ka haɗa fistan mai tozo da kamshaf mai zurfin turi, abin da ya rage tsakaninsu bai kai kaurin farce ba. Inji zai tashi lafiya. Zai yi kwana biyu, zai yi uku. Ranar da ya ɗau zafi aka murɗa masa wuta, ƙarfe zai haɗu da ƙarfe.

Akwai yadda ake gwadawa. A ɗora ɗan yumɓu a kan fistan, a rufe, a juya injin da hannu, a buɗe a ga inda bawul ya taka. Mutumin nan ya san haka. Bai taɓa nuna wa kowa ba. In aiki ya kai nan, sai ya kori kowa daga shago.

Cikin waɗanda suka koya a hannunsa akwai Suhaib. Shekara tara ya yi. Aka yaye shi, ya yi aure, ya buɗe nasa shagon a Tudun Jukun. Hannunsa da kyau, fuskarsa a sake. Mutane suka fara zuwa can. Wata rana wani mai babur ya ce a gaban mutumin nan, "Ai Suhaib ya kamo ka, Baba, har ma ya ɗan gota." Wasa yake yi. Mutumin bai yi dariya ba.

Sai wani Jibril ya kai wa Suhaib baburinsa. Jibril buhunan barkono yake ɗaukowa daga kasuwannin ƙauye, da shi yake ci da mata da 'ya'ya uku. Injinsa ya gaji. Ya ce a sauke, a ƙara masa ƙarfi don hawan tudu da kaya.

Suhaib bai taɓa irin wannan haɗin ba. Ya ƙulla fistan biyu da kamshaf biyu a tsumma, ya taho Ƙofar Gayan da hantsi. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaisa. Mai sayar da kayan gyara na kusa yana zaune yana ji.

Suhaib ya ce, "Maigida, ƙarfi ake so. Na ce ko in haɗa mai tozon nan da wannan dogon. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ka duba mini."

Mutumin ya ɗauka. Ya juya. Ya ajiye.

Ya ce, "Ai yanzu ku ne manya. Ya yi. Je ka ɗaura."

Ya 'yan uwa, kalma nawa ce? Bai riƙe sifana ba. Bai kwance ƙusa ko ɗaya ba. A ransa ya ce inji zai fashe a cikin gari, Suhaib ya ji kunya, mutane su dawo. Shi ya tsara inda zai fashe? Shi ke da hanya?

Kwana huɗu babur yana tafiya kamar sabo. Rana ta biyar Jibril ya taso da buhu uku a kan babban titi, da azahar, babbar mota tana bayansa. Ya murɗa wuta. Bawul ya daki fistan, inji ya cije, tayar baya ta tsaya cak. Aka kwashe barkono daga kan kwalta. Aka yi jana'izar Jibril bayan la'asar.

Laifi ya hau kan Suhaib. Aka rufe shagonsa. Ƙungiyar makanikai ta kira zama, mahaifin Jibril yana wurin, ni ma ina wurin. Aka baje injin a kan tabarma. Suhaib bai ambaci maigidansa ba. Ya ce, "Hannuna ne ya ɗaura." Mai sayar da kayan gyara ne ya miƙe ya ce, "Ba haka kawai ba ne, ya kai wa maigidansa shawara, a gabana aka ce masa ya yi."

Shugaban ƙungiya, Alhaji Aminu, dattijo ne mai son rufa asiri. Ya buɗe wa mutumin ƙofa. Ya ce, "Malam, ni da kai mun tsufa, ido ya ja baya. Ka ce ba ka lura ba, mu yi wa mamaci addu'a mu tashi."

Da mutumin ya ce haka, da an tashi. Kuskure ne, kowa yana yi.

Sai wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ashe shi ma Baba lalube yake yi shekara arba'in." Biyu ko uku suka murmusa.

Mutumin ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Ni ne mai lalube? Tun bai gama kwance tsumman ba na ga ba su dace ba. Ko idona a rufe, da yatsa zan gane. Ni ban taɓa kuskuren fistan ba."

 Mahaifin Jibril ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, ya ɗauki takalmansa ya fita. Suhaib ya sa kai a gwiwa.

Ba a kai shi kotu ba. Ba a doke shi ba. Kullum da safe yana buɗe shago, ya share, ya jera sifanu, ya zauna. Babura suna wucewa. Wanda nasa ya mutu a ƙofar shagon sai ya tura shi gaba. In mutumin ya yi sallama a amsa, ba a ƙara komai. 'Ya'yansa maza suka bar sana'ar. Shekara shida haka.

Da ya kwanta ciwon ajali na je duba shi. Na ce masa mahaifin Jibril yana raye, matar da Jibril ya bari tana nan, ƙofar tuba ba ta rufe ba, a kira su ka nemi gafara. Ya juyo ya dube ni. Na ɗauka zuciya ta yi laushi. Sai ya ce, "Kai dai kana wurin. Ka shaida ban yi kuskure ba."

Bayan kwana biyu ya rasu. Hukuncinsa yana wurin Allah, ba wurina ba.

Ya 'yan uwa, wanda ya durƙusa ya nemi shawararka, amana ya ɗora maka. In ka sani ka karkatar da shi, ka ci amana ko da hannunka yana aljihu. Ilimin da Allah ya ba ka ba naka ba ne, ko na littafi ne ko na inji, za a tambaye ka wa ka hana. Kuma ku dubi girman kai yadda yake yi da mai shi. An ba mutumin nan zaɓi, a ce bai lura ba ko a ce ya kashe. Ya zaɓi a ce ya kashe.

Kowannenku akwai abin da ya iya, akwai kuma wanda ke tasowa a bayansa. Gobe zai zo da tambaya.

Allah ya jiƙan Jibril. Allah ya kiyaye mu daga hassada da girman kai, ya sa harshenmu ya iya cewa na yi kuskure tun muna da numfashi. Amin.