Agogon da Ba Wanda Ya Ɗauka

An yi wani mutum a nan garinmu na La Chaux-de-Fonds. Ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, kuma danginsa suna nan. Allah ya ba shi ido. A garin da kowane gida akwai kakan da ya tsufa yana haɗa agogo, ba ƙaramin abu ba ne a ce wane ya fi kowa sanin tsohon agogo. To, shi ya fi kowa. Ka miƙa masa agogon hannu wanda ya girme shi, zai gaya maka shekarar da aka yi shi, da ko wani ya taɓa sa masa hannu.

Kowace Asabar da hantsi masu tara tsofaffin agoguna suna haɗuwa a shagon kofi na Madam Odile. A shimfiɗa koren ƙyalle a tebur. Wanda ya zo da agogo ya ajiye a kai, ya yi shiru. Na damansa ya ɗauka, ya sa gilashin ido ɗaya ya duba, ya kai kunne, ya faɗi abin da ya gani, ya miƙa gaba. Haka har ya zagayo. Ba a yanke wa agogo hukunci sai an sa gilashi. Wannan ce dokar, kuma mutane ne masu riƙe doka, na shaide su da wannan.

Abin da suka fi girmamawa shi ne agogon da ba a taɓa ba. Idan fuskarsa ta dafe don tsufa, ta yi kalar zuma, nan darajarsa take. Wanda ya goge ta ko ya sake mata fenti ya kashe agogon, ko da yana tafiya.

Mutumin nan shi ne ƙarshen zagaye kullum. Abin da ya faɗa shi ke nan. Da farko yana gode wa Allah. Daga baya ya fara gode wa kansa. Ya daina sa gilashi, wai idonsa ya wuce nan. Idan wani ya yi kuskure sai ya yi masa dariya har a ji a titi. Kuma a zuciyarsa ya riƙe cewa babu agogon da zai hau ƙyallen nan ya fi nasa.

Wata Asabar, ana cikin dusar ƙanƙara, sai ga Aurèle. Aurèle tsohon direban jirgin ƙasa ne, abokin mutumin nan tun suna yara. Shi ba ya tara komai, zuwa yake don hira da kofi. Ran nan ya ciro agogo daga aljihu ya ajiye. Na mahaifinsa ne, wanda aka ba mahaifin ranar da ya bar aiki a masana'anta. Ya same shi a cikin kayan yayarsa da ta rasu.

Gaspard, mai sayar da cuku, shi ya fara ɗauka. Ya sa gilashi, ya duba.

"Kai tsoho," ya ce, "ashe da wannan a gidanku kake zuwa nan kana shan kofin banza?"

Aka yi dariya. Agogo ya zagaya, kowa sai ya rage murya. Fuskar ta yi zuma tun daga tsakiya har baki, ba tabo. Aurèle sai murmushi yake kamar an yi masa haihuwa. Ya ce jikarsa Solène za ta yi aure da bazara, ita zai ba.

Har ya iso hannun mutumin nan. Kallo ɗaya ya yi ya gane. Asali ne, ba a taɓa shi ba, kuma duk cikin akwatunansa babu kamarsa. Ya ku 'yan uwa, me zai rage masa in ya ce madalla? Za a cire masa ido ne? Amma ya dubi fuskokin da suka saba kallonsa, ya ga duk Aurèle suke kallo. Sai ya tura agogon da ɗan yatsa.

"Fenti ne. An sake fuskar, an yi mata tsufan ƙarya."

"Haba maigida," in ji Gaspard, "sa gilashi mana."

"Gilashi na makafi ne irinka. Ka tsaya a cukunka."

Gaspard ya ajiye gilashinsa. Wa zai ja da shi? Aurèle ya ɗauki abinsa ya ce, "To, ai kai ka sani, abokina."

Mutumin nan ya koma gida yana jin daɗi. Ya ce a ransa, ai magana ce kawai, agogon yana nan yadda yake.

Aurèle kuwa mutum ne mai ɗaukar maganar aboki. Ya ce tunda fuskar ta ƙarya ce, gara ta zama mai tsabta, kada ya ba yarinya datti ranar aurenta. Ya aika da agogon wani gari, aka kankare fuskar tas, aka yi mata farin fenti, aka goge jikin har yana ɗaukar ido.

Da ƙanƙara ta narke ya dawo da shi, ya ajiye a kan ƙyalle yana fara'a. Kafin Gaspard ya miƙa hannu, mutumin nan ya miƙe tsaye, kofinsa ya zube.

"Wane jahili ya yi wannan ɓarna? Fuskar asali! Fuskar da babu irinta a ƙasar nan, ka kai an kankare?"

Ba wanda ya tona shi. Bakinsa ne. Ilimin da yake taƙama da shi ya ƙi zama a ciki.

Aurèle ya dube shi ya ce, "Ashe ka sani."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya naɗe agogon ubansa a hankici ya fita.

Mutanen nan ba sa zagi, ba sa kora. Asabar ta gaba mutumin nan ya zo, Madam Odile ta kawo masa kofi kamar kullum. Aka ajiye agogo, ya zagayo, da ya iso kusa da shi sai na hagunsa ya miƙa hannu ta gabansa ya mayar wa mai shi. Haka wata Asabar. Waɗanda ya taɓa ce wa nasu na ƙarya ne suka fara kai su wani wuri a duba. Waɗanda ya yaba wa nasu ma suka shiga shakka. Maganarsa ta zama ba ta da nauyin gashin kaza.

Da ya ce a yafe masa, wataƙila da an yafe. Aurèle bai da riƙo. Amma girman kai ba ya sanin ƙofar gidan aboki. Sai ya ɗauko mafi kyawun agogonsa, wanda bai taɓa nuna wa kowa ba, ya ajiye a tsakiyar ƙyalle, ya harɗe hannu. Ya tabbata ba mai son agogo da zai iya jurewa.

Gaspard ya tambayi Madam Odile ko akwai sauran burodi. Aka ci gaba da hira. Agogon yana nan yana ƙas-ƙas har aka watse, shi da kansa ya ɗauka.

Bai sake zuwa ba. Ya zauna da akwatunansa, kowace safiya yana murɗa agoguna ɗaya bayan ɗaya, ba mai gani. Sai ciwon rawar hannu ya kama shi, yatsun suka kasa riƙe kan agogo. Suka riƙa tsayawa, yau wannan, gobe wancan. Garin cike da hannuwan da suka iya murɗawa, ba ko ɗaya da ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Da aka shiga ɗaukar gawarsa, ɗakin shiru, ba agogon da ke motsi.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai sha giya ya faɗi a titi ba. Allah ya ba shi sani, ya mai da shi sanda. Girman kai ne ya fitar da Iblis daga rahama, kai waye da zai bari? In aka kawo maka abu don an yarda da idonka, amana aka ba ka. Faɗi gaskiya ko da na ɗan'uwanka ya fi naka. In ka yi kuskure, je ka durƙusa tun gwiwarka tana lanƙwasuwa.

Solène ta ɗaura agogon ranar aurenta, da farar fuskarsa. Ta mahaifin kakanta ba za ta dawo ba.

Allah ya kiyaye mu da girman kai da hassada. Allah ya sa abin da muka sani ya zama hujja gare mu, ba a kanmu ba. Amin.