Injin Talha da Buhunan Dijatu

Ku yaran yanzu, da an nuna muku lamba a takarda shi ke nan kun sallama, ko tambaya ba kwa yi. To ku saurara.

Akwai wani saurayi a Azare, Talha, wajen 1998. Wani asibitin kuɗi ya ɗauke shi ya zuba bayanan marasa lafiya a babbar kwamfuta guda, wadda ma'aikata huɗu za su riƙa nema a cikinta. Kafin nan wata dattijuwa, Dijatu, ke riƙe da katunan marasa lafiyar, shekara goma sha tara.

Okwudili mai sayar da injin, wato kwamfutar, ya nuna takardar gwajinsa, ya faɗi gaskiya: "Malam Talha, gwajin da ke takardar nan yana nuna wane inji ya fi wane. Amma a ɗaki mai sanyi aka yi shi, ba da aikinku ba. Ku gwada da naku tukuna."

Dijatu ta ce, "Ɗan nan, ko jaki za ka saya, ai sai ka ɗora masa kayanka."

Talha ya yi dariya. "Inna, suna dubu yake nemowa kafin ki ɗaura ɗankwali."

Da ya gama zubawa, ya ce a ƙone katunan. Dijatu ta ɗure su a buhu shida, gari-gari, ta kai ɗakinta a bayan asibitin.

Ran kasuwa aka kawo wata mata daga Hardawa, Hadijatu, a sume. Likita ya tuna akwai allurar da jikinta ba ya ɗauka, amma ya manta wacce. Ma'aikata huɗu na nema lokaci guda, ga zafi, injin ya tsaya cak. Talha na ta danne-danne, gumi na zuba.

Dijatu ta ruga ba takalmi, ta kwance buhun Hardawa, ta zaro katin. Ga sunan allurar nan da jan biro. Likita ya yi mata wata, Hadijatu ta farfaɗo. Allah ya saka wa Dijatu da alheri, ya shiryi Okwudili ga dukkan alheri, don bai ɓoye gaskiya ba.

Mai asibitin ya sa Talha ya kwaso buhunan a kansa, ɗaya-ɗaya, layin marasa lafiya na kallo. Aka sauke shi daga kujerarsa. Wata huɗu ya yi a benci yana jera katuna, Dijatu na duba aikinsa.

Darasi: Awon wasu yana nuna hanya, amma sai ka gwada abu da naka nauyin kafin ka yar da tsohon. Ku tura wa yaranku su karanta.