Fuskar da Aka Yi wa Gayya

Akwai wani manomi a wani ƙauye a gindin dutse, yana da 'ya guda ɗaya, sunanta Afiniki. Mahaifiyarta ta rasu tun tana goye, sai yayar mahaifinta, Goggo Lami, ta ɗauke ta ta rene ta. Yarinyar ta tashi da ladabi ƙwarai. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ce wa babba a'a ba. Ita ce kuma mai ba da waƙa a ƙungiyar mawaƙan majami'arsu.

Ana nan, a farkon wata damina, sai ƙuraje suka feso mata a goshi da kumatu da haɓa. Ba wani ciwo ba ne mai kwantar da mutum, irin ƙurajen nan ne da kan fito wa samari da 'yan mata. Amma sun dame ta, gama ita ce ke tsayawa a gaban jama'a kowace Lahadi.

To, a garin nan akwai wata al'ada. In mutum ba shi da lafiya, ba a zuwa gaishe shi hannu wofi. Kowa yakan zo da maganin da ya sani, in an sake haɗuwa kuma sai ya tambaya ko an yi amfani da shi. Ƙin maganin babba kuwa raini ne.

Maƙwabciyarsu ta kawo toka, ta ce a kwaɓa a shafa. Wata tsohuwa ta ce lemun tsami da kanwa. Matar mai shago ta ba ta wani man kanti, ta ce cikin kwana uku fuska za ta yi haske. Wata ta ce datti ne kawai, a dirje da soso sau biyar a yini. Wata kuma ta zaunar da ita a kan turmi, ta matse mata ƙurajen ɗaya bayan ɗaya da farce. Afiniki ta durƙusa wa kowacce ta yi godiya, ta kuwa yi duk abin da aka ce, don kada gobe a tambaye ta ta rasa amsa.

Kafin a gama noman fari, fuskar ta yi ja, ta kumbura, tana zafi kamar an watsa mata barkono. A kuncin hagu fatar ta ƙone ta zama gyambo. Afiniki ta daina zuwa koyon waƙa. Ran Lahadi takan zauna a bencin baya, ta ja ɗankwali har bisa gira.

Da mahaifinta ya ga haka, sai ya kai ta ɗakin shan magani a garin da kasuwa take ci. Malamar asibitin, wata dattijuwa mai tabarau, ta duba fuskar da kyau, ta ce, “'Yata, me kike shafawa?”

Afiniki ta fara lissafawa da yatsu. Yatsun hannu ɗaya suka ƙare, ta kama na biyu.

Malamar ta juya wajen mahaifin ta ce, “Baba, kai manomi ne. Ka taɓa kiran gayya gonarka, ka ce kowa ya zo da irin da ya ga dama ya shuka?”

Ya ce, “Wa zai yi haka, Malama? Ai sai wani ya tone abin da wani ya binne.”

Ta ce, “To, abin da aka yi wa fuskar 'yarka ke nan.”

Sai ta ba Afiniki magani guda ɗaya na shafawa. Ta ce ta wanke fuska safe da yamma kaɗai, da sabulu marar ƙarfi da tafin hannu, ban da soso. Kada ta matse ƙurji ko ɗaya. Ta riƙa wanke ɗankwalinta da rigar matashin kanta a kai a kai, kada kuma man kitso ya riƙa sauko mata goshi. Ta rage lemun kwalba da alewa da shayi mai sukari da yawa, ta ƙara ganye da wake a abincinta. In za ta gona ta sa malfa, gama rana tana ƙara wa jan fuskar zafi.

Daga nan ta cire tabarau ta ce, “Ki ji da kyau. Sai an yi wata biyu, ko uku ma, kafin ki ga bambanci. Ƙuraje suna warkewa, amma wurin da ya ƙone ya yi rami ba ni da ikon cike shi. Yanzu rami ɗaya gare ki. In kika koma wa gayyar nan, fuskar duka za ta zama haka.”

Afiniki ta koma gida ta bi maganar. Mako ɗaya ya wuce, na biyu, na uku. Zafin ya ragu, amma ƙurajen suna nan, har wasu sababbi suka fito a haɓa. Mata suka fara cewa maganin asibiti bai karɓe ta ba.

Goggo Lami kuwa, wata rana da sassafe ta ɗaura zane ta kama hanya zuwa wani ƙauye a bayan dutse, inda aka ce akwai mai haɗa maganin ƙuraje. Sai da la'asar ta dawo, ƙafafunta duk taɓo, da ɗan gwangwani ƙulle a bakin zane. Ko ruwa ba ta sha ba, ta zauna a bakin ƙofa ta buɗe shi. Warin kanwa ya tashi.

Ta ce, “Afiniki, zo ki miƙo fuskar nan.”

Afiniki ta zo ta durƙusa. Ta dubi gwangwanin, ta dubi ƙafafun da suka yi tafiyar yini guda dominta. Ta ce, “Sannu da hanya, Goggo. Allah ya saka. Amma ba zan shafa ba.”

“Me kika ce?”

“Malama ta ce kada in haɗa da kome sai wata biyu sun cika.”

Goggo Lami ta ce, “Ni na goye ki a bayan nan. Ni na yi miki wankan jarirai. Yau wata mai tabarau, wadda ta gan ki sau ɗaya, ta fi ni sanin fuskarki?”

“Ba ta fi ki ƙaunata ba, Goggo. Amma wannan aikinta ne.”

Tsohuwar ta rufe gwangwanin ta shige ɗaki. Kwana tara ba ta amsa gaisuwar Afiniki sai da ka. Afiniki kuwa ba ta fasa kai mata ruwan wanka da kunun safe ba, ba ta kuma taɓa gwangwanin ba, ko da yake an ajiye shi a kan taga inda za ta gan shi kullum.

Da gero ya fara fitar da kai, kumburin ya sauka. Da aka shiga girbi, ƙurajen suka ragu har ana iya ƙidaya su. Ba su tafi gaba ɗaya ba, wani lokaci ɗaya ko biyu kan leƙo su koma. A kuncin hagu kuwa tabon nan ya zauna, kamar girman ƙwayar gyaɗa.

Ran sujadar godiyar kaka, Afiniki ta ɗaura ɗankwalinta a inda ake ɗaurawa, ta shirya za ta ba da waƙa. Goggo Lami ta tsayar da ita a tsakar gida, ta juya fuskar wajen haske, ta daɗe tana dubawa. Ta sa yatsa a kan tabon ta ce, “Da kin ji maganata ran nan, da irin wannan nawa ke nan?”

Ba su gama ba sai ga maƙwabciya ta shigo da wani ƙullin ganye, ta ce an ba ta tabbacin yana goge tabo. Goggo Lami ta tare ta tun daga bakin zaure ta ce, “Mun gode, 'yar'uwa. Koma da shi. An tashi gayya a gidan nan.”

Ma'anar wannan misali ita ce: fuskar Afiniki ranka ne, da nawa. Ƙurajen su ne damuwa da rauni da kan fito wa kowane ɗan adam, ba abin kunya ba ne. Masu kawo magani kuwa ba mugaye ba ne. Yawancinsu masu ƙaunarmu ne, shi ya sa ƙin shawararsu yake da wuya. Malamar asibiti tana misalta Ubangiji, wanda ya san yadda aka yi mu. Abin da yake ba mu ba shi da yawa, ba shi kuma da ban mamaki: addu'a, da jin maganarsa, da janye hannu daga abin da ya ce a bari, da haƙuri har lokaci ya yi.

Ku lura, ba ƙurajen ne suka bar wa Afiniki tabo ba. Gaggawa ce, da tsoron ɓata wa mutane rai. Da yawa a cikinmu haka muke. Mukan kai damuwarmu gaban Ubangiji ran Lahadi, in mako uku ya wuce ba mu ga canji ba, sai mu buɗe ƙofa kowa ya shigo ya shuka nasa.

Ku lura kuma da yadda ta ƙi. A durƙushe ta ƙi, da godiya a bakinta, kashegari kuma ta kai wa goggonta kunu. Biyayya ga Allah ba ta ba yaro izinin raina babba ba.

Ku matasa da ƙuraje ke damunku, ku ɗauki misalin nan yadda yake ma: ku je wurin wanda ya koyi aikin, ku bi magana ɗaya, ku ba ta lokaci. Ku iyaye kuma, in yaro ya durƙusa ya ce muku a'a saboda gaskiya, ku saurare shi kafin ku yi fushi.

Afiniki ta ba da waƙa ran nan da tabonta guda ɗaya a kunci. Kowa ya tambayi kansa yau: mutum nawa ne suke shuka a gonar raina, wane ne kuma mai gonar?