Kwalaben Man Gyaɗar Kaltume

Akwai wata baiwar Allah a Aliero mai suna Kaltume, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗa guda, Waliyyu, ɗan aji biyar a sakandare.

Waliyyu kan dawo daga makaranta da 'yan ƙananan kwalabe a jaka, ya ce a hanya ya tsinto mata. Ita kuwa sai murna. Ta wanke ta ɗura mai, tana ta sa masa albarka. Warin da take ji ta ɗauka na maganin basir ne. Yo ina ta taɓa ganin giya?

Ran nan maƙwabcinsu Barau, direban da ke kai albasa Kudu, ya ga kwalbar man da matarsa ta sayo wurin Kaltume. Yana duba takardar jikinta ya gane ko ta mece ce. Bai gaya wa kowa ba, ya je ya yi sallama a zauren Kaltume.

"Inna, wa ke kawo miki kwalaben ga?"

"Waliyyu mana. Mi ya faru?"

"Ki yi haƙuri, na giya ne. Kuma sau biyu ina ganinai da safe yana tafiya yana layi."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce ɗanta maraya ne shi ya sa za a yi masa ƙazafi, ta shige gida ta bar shi tsaye.

Amma maganar ta hana ta sukuni. Da Waliyyu ya dawo ta ce ya matso, ta shinshini bakinsa. Warin nan ne dai. Ta zauna daɓas tana kuka, shi ma ya durƙusa ya fashe da kuka, ya ce tun bara abokai suka koya masa a bayan aji.

Barau ɗin da ta bari tsaye a zaure shi ya kai yaron asibiti a Jega, ya dinga bibiyarsa wata da watanni har Allah ya sa ya daina.

Da ta je neman gafararsa, ta dinga yi masa godiya. Barau ya sunkuyar da kai.

"Ba komai, Inna. Ƙanena ma haka ya fara. Duk unguwa an sani, amma innarmu ba ta ji ba sai ranar jana'izarsa."

Darasi: Wanda ya faɗa maka gaskiya a kan ɗanka masoyinka ne, ka gode masa. In ka ga yaron maƙwabci ya fara shaye-shaye, kada ka yi shiru. Ku tura wa iyaye 'yan uwanmu su karanta.