Yadda Wuyan Zalɓe Ya Lanƙwashe

An yi wata shekara da ruwan sama ya ƙi sauka, tafki ya janye, sai taɓo da ɗan ruwa a gindin gaɓa. A bakin tafkin akwai Zalɓe mai taƙama da dogon wuya, da maƙwabciyarsa Agwagwa mai yawan surutu. 'Ya'yan Zalɓe kuwa suna cikin sheƙa, yunwa ta sa ko kukansu ba ya fita sosai.

Rannan Zalɓe ya hango wata ƙatuwar tarwaɗa tana motsi can ƙasa. Ita kaɗai ta rage.

Agwagwa ta ce, "Dogo, sauko kusa da ita mana! Ka kama kai, in kama wutsiya, mu jawo ta tudu."

"Don ki ce a raba ko? Uwar kwaɗayi! Daga nan bisa zan ɗauke ta, ko ƙafata ba za ta taɓa taɓo ba."

"Kifin nan ba fara ba ne fa. Daga nesa za ka ɗaga shi da wannan wuya kamar karan dawa?"

"Me gajera ta sani game da wuya? Naki kamar an danna shi da taɓarya!"

Zalɓe ya miƙa wuya iya tsawonsa, ya cafki tarwaɗa da tsinin baki, ya yunƙura. Sai ya ji kamar dutse aka rataya masa. Nauyin duk ya taru a gindin wuyansa. Maimakon ya saki, ya ƙara fizga.

Ƙas!

Tarwaɗa ta suɓuce, ta nutse cikin taɓo. Agwagwa ta yi ta tono har ta gaji, ba ta same ta ba.

Zalɓe ya ja jiki ya koma sheƙa, wuya a lanƙwashe. 'Ya'ya suka buɗe baki.

"Baba, ina kifin?"

Ko kai bai iya ɗagawa ya dube su ba. Kafin ruwa ya sauka, sheƙar nan ta yi tsit. Har yau za ku gan shi tsaye shi kaɗai a bakin ruwa, wuya a naɗe, ya zura wa ruwan ido.

Darasin wannan labari shi ne, 'yan jikokina, kaya in ya yi nesa da jiki ya fi wuyar ɗauka. Ku riƙe bokitin ruwa da hannu a miƙe, kafaɗarku za ta gaya muku. Ku durƙusa, ku jawo kaya jikinku, ku tashi da ƙarfin ƙafa. In ya fi ƙarfinku, ku kira wani, ko da za a raba. Rabin kifin nan da ya raya 'ya'yan Zalɓe.