Baƙon da Ya Zauna Kusa da Makaɗi

"Kai ka shimfiɗa masa tabarma!"

"Tabarma na ba shi, Maman Hannatu, ba gona ba!"

"To, yanzu gonar ta waye? Je ka shiga babu takalmi, ka dawo ka faɗa mini!"

Manomin da matarsa ke yi wa wannan faɗa a kan wani baƙo, gonarsa kaf ta zama ƙarangiya. Ga yadda abin ya faru.

Akwai wani manomi da ya kira gayya don shukar gero. Maza suka zo da sungumi, mata da ƙwarya, makaɗi ya rataya gangarsa. A gayyar garin nan kuwa ba wanda ke kallon mai gona. Ganga ake bi: wanda ta kira ya taso, inda ta nufa a nufa.

Sai ga wani baƙo, ba fartanya, ba sungumi, sai ƙaramar jaka. Ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban iya aiki ba. Kiɗa kawai nake so in ji." Manomi ya ji daɗin "ranka ya daɗe" ɗin nan, ya zaunar da shi dab da makaɗi, ya tafi duba tuwo.

Baƙo ya miƙa wa makaɗi goro, ya raɗa masa, "Kira mini mutum biyu, sarkin kiɗa." Ganga ta kira, suka taso. Baƙo ya sa ɗaya ya zauna a kan buhun irin mai gona. Ya ba ɗayan jakarsa don ya riƙa zuba wa mata iri a ƙwarya. Ƙwayar ƙarangiya ce da aka sussuke, amma ganga na cewa a yi sauri, wa zai tsaya dubawa?

Da manomi ya dawo, ya ga ƙura na tashi, gumi na zuba, bai taɓa ganin gayya mai zafi haka ba. Har ya taka rawa. Sai da ya hangi buhunsa a ɗaure, wani ƙato a kai yana sakace, ya ɗaga murya: "Ku tsaya! Ku tsaya!" Baƙo ya taɓa gwiwar makaɗi, kiɗa ya ƙaru. Mutane suka ga maigida na ɗaga hannu, suka ɗauka kirari yake musu.

Aka cinye tuwonsa, ruwan sama ya sauka, ƙarangiya ta fito ta nuna. Duk wanda ya ratsa gonar kuma ya kwashe ta a wando zuwa gonar maƙwabci.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Allah ya halicci ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Kowace tana da umarnin rayuwarta a cikinta, da mai karanta umarnin don a yi aiki. Akwai kuma wata ƙwayar cuta, bairos, wadda ba ta iya yin komai da kanta. Takan tura nata umarnin cikin bakteriya, a fara ƙera mata 'yan furotin kaɗan, wato ƙananan ma'aikatanta. Su ne mutum biyun nan. Wani ya manne wa mai karatun ya juya shi, wani ya toshe umarnin gida. Daga nan bakteriya ta yi ta aiki da abincinta da ƙarfinta, tana ƙera 'ya'yan baƙo, har ta fashe su bazu.

Haka zunubi yake. Ba ya zuwa da kayan aiki, naka yake so. Ba ya hana ka ƙwazo. Muryar da kake bi yake canzawa. Za ka iya yin waƙa a ƙungiyar mawaƙa, ka share coci, ka gaji liƙis, alhali hassada ce ke riƙe da gangar. Kada ka tambayi kanka ko kana aiki. Tambayi wa ke zaune kusa da makaɗinka, ka kuma kwance buhun Maganar Allah tun kafin a fara shuka.

Manomin nan dai ya zauna yana cire ƙaya daga wandonsa, matarsa na tsaye a kansa.

"Baban Hannatu, me za mu ci bana?"

Ya dubi gonar, ya ce, "Amma dai kin ga yadda layukan suka miƙe?"