Wuƙar Masahudu Mai Shuɗin Baki

Akwai wani maƙeri a unguwar Zogbeli ta garin Tamale, a shekarar da Gana ta karɓi mulkin kanta, sunansa Masahudu. Gwani ne, wannan kam ba mai ƙwace masa. Sai dai mutum ne mai mafarki ido biyu. Yana cikin zuga wuta za ka ga ya ƙura wa garwashi ido yana murmushi, ƙarfe na can yana jiransa.

Mafarkin nasa kuwa inji ne. Ya gaji da durƙuso a gaban dutsen wasa wuƙa irin na Baba Sidiki, ƙanin mahaifinsa, wanda ya shekara arba'in yana goga ƙarfe a dutse yana yayyafa ruwa, kamar wanda ba shi da wurin zuwa.

Wata rana wani direban lori ya kawo masa tsaraba daga Kumasi: bel na samfefa guda shida, masu yashi a jiki, irin waɗanda ake ɗaura wa inji su ci ƙarfe. Akwai masu ƙarko a kantin Turawa, amma waɗannan na kasuwa ne, masu araha.

Masahudu ya samo tsohon keke ya kafe shi a maƙera, ya cire tayar baya, ya zarga bel, ya hau yana taka feda. Da ya ɗora ƙarfe sai tartsatsi ya yi feshi.

Wayyo daɗi! A cikin tartsatsin nan babu abin da bai gani ba. Ya ga rumfarsa ta zama babban gida mai rufin kwano. Ya ga lori cike da wuƙaƙensa ta nufi Ankara, babban birnin Gana. Har sunansa ya gani a rubuce a jikin lorin, shi da ko baƙi bai iya karantawa ba.

Ana haka mutanen unguwa suka haɗa hannu suka sayi bijimi don bikin 'yancin kai. Ɗankande mahauci, wanda zai yi yankan, ya zo maƙera.

"Ina son sabon wuƙa, dogo," in ji shi. "Ja ɗaya nake so. Ka san ba a wahalar da dabba."

"Ka kwantar da hankalinka," in ji Masahudu. "Za ka ga abin da ba ka taɓa gani ba."

Ya ƙera wuƙar, ya gasa ta, ya tsoma ta a ruwa ta yi tauri yadda ya kamata. Sannan ya hau keke don fitar da kaifi.

Bel mai araha bai san kunya ba. Kafin a jima yashinsa ya zube, ya zama sumul. Maimakon ya sauya wani, Masahudu sai ya ƙara danna wuƙar, ya ƙara wuta a feda. Can bakin wuƙar ya soma sauya launi. Ya yi ruwan zuma, ya koma ja-ja, daga nan ya rikiɗe shuɗi mai sheƙi kamar rinin da ya sha bugu.

Masahudu ya ɗaga ta a hasken rana, kyanta ya cika masa zuciya har ƙwalla ta taru masa.

Baba Sidiki ya leƙo, ya karɓa, ya juya ta sau biyu.

"Ɗana, shuɗin nan ba ado ba ne, wuta ne. Bel ɗinka ya daina ci, zafi kawai yake ba ƙarfen. Ka ƙona bakin wuƙan, taurinshi ya tafi. Kawo mu cinye wurin a dutse, kwana biyu ya isa."

Masahudu ya yi dariya. "Baba, dutse ya tafi tare da Bature. Wannan launin sabon ƙasa ne."

Tsohon ya miƙa masa abarsa. "To, Allah ya kai mu."

Ranar biki fili ya cika maƙil, ga tutoci, ga makaɗa. Masahudu ya sha sabuwar batakari, rigar saƙi ta mutanen yankin, ya tsaya a sahun gaba. Da aka zare wuƙar daga kube mata suka rangaɗa guɗa, shi kuwa ji yake kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Aka kayar da bijimi, aka fuskantar da shi alƙibla. Ɗankande ya yi bisimilla ya ja.

Wuƙar ta tsaga fata, sai bakinta ya lanƙwashe. Ya sake ja, ba ta shiga ba. Bijimin ya yi wani irin gurnani, ya shiga shure-shure, jini na tsiyaya kaɗan-kaɗan, idonsa a buɗe. Kiɗa ya tsaya cak.

"Wuƙa!" Ɗankande ya daka tsawa. "Don Allah a ba ni wuƙa!"

Baba Sidiki ya zaro tasa daga ƙugu, tsohuwa, wadda dutse ya cinye har ta zama siririya. Ja ɗaya, dabba ta huta.

Babu wanda ya zagi Masahudu, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Kunya da tausayin bijimin suka hana shi motsi.

Da aka gama fiɗa, Ɗankande ya goge shuɗiyar wuƙar da kyau, ya mayar da ita kube, ya tako har gaban Masahudu ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ka rataya shi a bango," in ji shi a hankali. "Ya yi kyau."

Duk Zogbeli ta ci nama a ranar. Masahudu ne kaɗai ya kasa kai loma baki.

Darasi: Sabon kayan aiki ba laifi ba ne, mai araha ma yana da ranarsa. Laifin shi ne ƙyalƙyali ya rufe maka ido har ka raina wanda ya san aikin kafin a haife ka. Kuma ka tuna, aikin da ka yi da ganganci, sau da yawa wani ne zai ɗanɗana zafinsa. Jama'a, ku tura wa 'yan uwa, musamman masu sana'ar hannu.